Daga Tsakiyar Gari Zuwa Bakin Kwalta: Yadda Kamfanonin Abinci Suka Shiga Ƙananan Garuruwan Amurka

A shekarar 1930 wani mutum mai suna Harland Sanders ya karɓi wani gidan mai na kamfanin Shell a gefen Corbin, ƙaramin gari a kudu maso gabashin jihar Kentucky. Shekarunsa 40 a lokacin, kuma ba sana'ar da bai taɓa ba: ya yi aikin jirgin ƙasa, ya yi tallar inshora, ya sayar da tayoyi, babu wadda ta zauna masa. Abin da ya samu a Corbin shi ne hanya. Titi mai lamba 25 ta ƙofarsa ya bi, kuma shi ne masu motoci daga jihohin arewa ke bi idan za su gangara kudu. Direbobi su tsaya shan mai, su tambayi inda za su ci abinci, sai Sanders ya fara zaunar da su a teburin cin abincin iyalinsa, yana zuba musu abin da aka dafa a gidan.

Gasar cinikin bakin hanya a wancan zamani ba ta wasa ba ce. Sanders ya rubuta talla a wani bango yana nuna wa matafiya hanyar gidan mansa, mai wani gidan man da ke kusa ya riƙa zuwa yana shafe rubutun da fenti. A 1931 rigimar ta kai ga harbe-harbe, wani jami'in Shell ya rasa ransa, abokin gasar ya tafi kurkuku. Tsohon nan mai farin gemu da fara'a da ake gani a allon KFC a Legas da Abuja, da irin wannan zafin kai ya fara.

Matsalarsa ita ce lokaci. Suyar kaza a kasko tana cin kusan rabin awa, matafiyi kuma ba ya jira. Idan ya soya ya ajiye, ta huce ta bushe, in ba a saye ba a zubar. Wajen ƙarshen shekarun 1930 sai ya gwada suya a cikin tukunyar nan mai murfin da ke kulle tururi, wadda a lokacin sabuwa ce a kasuwa, kuma don dafa ganye aka yi ta. Kaza ta riƙa soyuwa cikin ƙasa da minti 10, cikinta da laushi. Ya haɗa da kayan yajinsa kala 11 da har yau kamfanin ke ɓoye sirrinsu. Wurin ya bunƙasa, ya zama gidan abinci mai kujeru kusan 140 da masaukin baƙi a gefe.

Sai gwamnati ta ja sabon layi a taswira. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyin tarayya, masu tsawon mil 41,000, waɗanda ba sa ratsa tsakiyar ƙananan garuruwa, ba mahaɗa, ba fitilar tsayawa, sai dai mafita nan da can. Wadda za ta bi yankin Corbin, mai lamba 75, an tsara ta kauce wa ƙofar Sanders. Ya yi gwanjon wurin a kan kuɗin da da ƙyar suka biya bashi da haraji, ya koma yana karɓar fanshon gwamnati na dala 105 a wata. Yana da shekara 65 da ɗoriya ya loda tukwane da buhun yaji a mota, ya shiga bin gidajen abinci gari-gari. Ya roƙi mai wuri ya bar shi ya shiga kicin, ya soya wa ma'aikata su ɗanɗana, in ta yi musu sai a tafa: shi zai ba da yaji da dabara da suna, su kuma su ba shi senti 4 ko 5 a kan kowace kaza. Sau da yawa a kujerar bayan mota yake kwana. Matarsa Claudia tana gida tana haɗa yajin tana aikawa. Tun 1952 ya riga ya ƙulla irin wannan da Pete Harman a jihar Utah, amma sai da hanya ta guje shi ya riƙe abin hannu biyu. Zuwa 1964 wuraren da ke sayar da kazarsa sun haura 600, ya sayar da kamfanin a kan dala miliyan 2.

Na daɗe a kan Sanders ne domin ana yawan ba da wannan tarihi kamar na mamaya: manyan kamfanoni daga birni sun far wa ƙauye. A nawa ganin, mutanen ƙananan garuruwa ne suka ƙirƙiro abin, su suka zuba jarinsu a ciki, kuma abin da ya tura su shi ne ciniki ya tashi daga inda yake ya koma inda motoci suka koma.

Kafin wannan lokaci, ƙaramin garin Amurka a jikin titi ɗaya yake rayuwa. A nan banki yake, da gidan waya, da kantin magani mai sayar da lemo, da shagon kayan gini, da ƙaramin gidan abinci na mata da miji inda manoma ke shan kofi da asuba. Masu kewar wannan zamani suna da hujja, amma akwai abin da suke tsallakewa. A jihohin kudu, da wurare da dama a arewa, baƙar fata ba ya zama a waɗannan kujeru. In an sayar masa, ta tagar baya ce. Har littafi na musamman wani ma'aikacin gidan waya mai suna Victor Green ya riƙa bugawa tun daga 1936, yana jera wa matafiya baƙaƙe wuraren da za su ci su kwana ba tare da wulaƙanci ba. Sai dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wannan wariya. Farar fata ma da yake baƙo a gari, sa'a yake bi: ko ya dace da abinci mai kyau, ko ya kwana da ciwon ciki. Abin da kamfanoni suka zo sayarwa shi ne tabbas. Allon da ka gani a Ohio shi za ka gani a Georgia, farashi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, banɗaki a share.

Dabarar da ta yaɗa su ita ce hayar suna. Kamfani ba ya gina shago da kuɗinsa. Wani ɗan gari mai ɗan abin hannu, ko wanda banki zai ba bashi, shi zai biya kuɗin shiga, ya gina, ya ɗauki ma'aikata, ya bi littafin ƙa'idar kamfani daga girman yankan dankali har launin rigar ma'aikaci, sannan duk wata ya tura kaso. Kason nan daga ciniki ake cirewa, tun kafin a san ko an ci riba. Idan shago ya durƙushe, gidan ɗan gari ne banki zai karɓe. Masu lemon A&W sun fara wannan tun tsakiyar shekarun 1920, Howard Johnson ya bi a 1935, amma Ray Kroc ne ya mai da shi inji.

Kroc mai tallar injin kaɗa madara ne. A 1954 ya je San Bernardino a Kalifoniya don ya ga dalilin da ya sa wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, ke buƙatar injina da yawa a ƙaramin shago. Ya tarar tun 1948 sun kori masu kai abinci mota, sun jefar da faranti da cokula, sun rage abincin zuwa 'yan kaloli, kowane ma'aikaci da abu ɗaya da yake yi, hambaga kuma senti 15. Ya buɗe nasa a Des Plaines kusa da Chicago a watan Afrilun 1955. Mai son sunan zai biya dala 950, sannan kashi 1.9 cikin 100 na ciniki, wanda daga ciki rabin kashi ɗaya na 'yan'uwan ne. Wannan bai ishi Kroc ba, har sai da wani mai suna Harry Sonneborn ya nuna masa inda kuɗin suke: kamfani ya mallaki filin, mai shago ya zama ɗan haya. A 1961 Kroc ya sayi 'yan'uwan baki ɗaya a kan dala miliyan 2.7.

To amma McDonald's ba ƙauye ya nufa da farko ba. Idonsa na kan sabbin unguwannin gefen birane, inda matasan ma'aurata masu yara da mota suke. Kroc kan hau ƙaramin jirgi yana leƙen makarantu da hasumiyoyin coci don ya san inda iyalai suka taru. Garin mutum dubu biyu ba zai ciyar da irin shagonsa ba. Sai daga baya, da birane suka cika, ya gangaro ƙananan garuruwa, mafi yawa a bakin mafitar babbar hanya. Ko a nan, masu riƙe da shagunan ne suka fi hedikwata sanin jama'a. Hambaga mai suna Big Mac, wani ɗan haya ne, Jim Delligatti, ya fara sayar da shi a Uniontown ta Pennsylvania a 1967. Tagar da ake miƙa wa mutum abinci yana cikin mota, McDonald's ya fara ta a 1975 a Sierra Vista ta Arizona, saboda sojojin barikin da ke kusa an hana su sauka daga mota da kakin aiki a cikin gari, mai shago ya ga ciniki na wucewa ta gabansa, ya huda bango.

Waɗanda suka shiga ƙauye tun da wuri wasu ne daban, kuma babbansu Dairy Queen. J. F. McCullough da ɗansa Alex suka gano cewa askirim ya fi daɗi kafin ya daskare sosai. A 1938 suka gwada a shagon abokinsu Sherb Noble a Kankakee ta Illinois: biya senti 10, sha iya cikinka. Cikin awa biyu an sayar da sama da 1,600. Shagon farko ya buɗe a Joliet a 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da abin, amma da sojoji suka dawo da 'yan kuɗinsu suna neman sana'a, sai ya fashe: shaguna kusan 100 a 1947, sun zama 1,446 a 1950, sun kai wajen 2,600 a 1955. Jarin kaɗan ne. Ɗaki ɗaya, inji ɗaya, taga biyu, mata da miji da 'ya'yansu sun isa ma'aikata.

Saboda yankuna-yankuna aka riƙa sayar da izinin, ba tare da matsi sosai daga sama ba, masu shagunan Texas suka yi gaban kansu. Suka ƙara abinci mai nauyi irin na mutanensu, soyayyen naman sa da miya da burodi, har yau kuma abin da ake sayarwa a Dairy Queen na Texas ya bambanta da na sauran ƙasar. Jihar ta fi kowace yawan shagunan, kuma mutanenta kan yi raha cewa jan allon nan shi ne alamar tsayawa ta Texas. Dole a fahimci yadda yammacin jihar yake: fili fetal, gari da gari tafiyar awa guda, zafi mai tsanani, gundumomi da yawa kuma a wancan lokaci doka ta hana sayar da giya, don haka babu mashaya. Wurin da ke da sanyin na'ura, da kofi mai arha, da kujerar da ba a korar mutum, nan da nan ya zama abin da teburin mai shayi yake a unguwa: da safe dattawan makiyaya da ma'aikatan rijiyoyin mai, da rana mata da yara, daren Juma'a kuma 'yan makaranta bayan wasan ƙwallo. A nan ake jin farashin shanu, da wanda ya rasu, da wanda banki ya ƙwace wa gona. Marubuci Larry McMurtry, ɗan ƙaramin garin Archer City, ya fitar da littafi a 1999 mai suna Walter Benjamin at the Dairy Queen, wanda ya taso daga zamansa a shagon garinsu yana sauraron hirar mutane. Kamfani askirim ya zo sayarwa. Majalisar, mutanen gari ne suka kafa ta, ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

Sonic ma haka ya bi, daga Shawnee ta Oklahoma a 1953, da Hardee's daga Carolina ta Arewa a 1960. Dukkansu sun gane cewa a garin da manya suka raina, wanda ya riga zuwa shi kaɗai zai ci kasuwa.

Ta ɓangaren kantuna, labarin daga ƙanƙara ya fara. A 1927, lokacin da firji bai shiga gidaje ba, wani ma'aikacin kamfanin ƙanƙara na Southland a Dallas ya fara ajiye madara da ƙwai da burodi a rumfarsa, yana sayarwa da dare da ranar Lahadi sa'ad da kantuna suke rufe. A 1946 aka sa wa shagunan suna 7-Eleven, saboda suna buɗewa daga bakwai na safe zuwa sha ɗaya na dare. Amma wannan na birni ne, kuma ƙarshensa ma Japanawa da suka karɓi hayar sunan a 1973 su suka sayi rinjayen uwar kamfanin a 1991.

Wanda ya yi wa ƙauye karatun gaske shi ne Don Lamberti na jihar Iowa. Ya shekara tara yana riƙe da kantin da ya yi haya daga mahaifinsa a Des Moines, sai abokinsa Kurvin Fish, dillalin mai, ya ba shi shawarar sayen wani tsohon gidan mai a Boone. A 1968 suka mai da shi kanti mai famfon mai a ƙofa, suka kira shi Casey's. Na uku da suka buɗe a Waukee ne, garin da a lokacin mutanensa ba su wuce 1,500 ba, kuma ya ba su mamaki da ciniki. Daga nan Lamberti ya kafa ƙa'ida: garuruwan da ba su haura mutum 5,000 ba. Fili arha, gasa babu, kuma tsofaffin kantuna na rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa suke rufewa? Masu saye ne suka ƙare. A 1935 Amurka na da gonaki kusan miliyan 6.8, yau ba su kai miliyan 2 ba. Tarakta ɗaya ta maye gurbin iyalai da yawa, 'ya'yansu suka tafi birni. A shekarun 1980 kuɗin ruwa ya hau, farashin ƙasa ya faɗi, dubban manoman tsakiyar ƙasar suka rasa gonakinsu. A daidai tsakiyar waɗannan shekaru Casey's ya sa tanda a shagunansa ya fara gasa fiza. Lissafin a fili yake: ribar litar mai 'yar ƙanƙanuwa ce, aikinta ta jawo mota ƙofa, amma a dafaffen abinci fiye da rabin kuɗin riba ne. Yau kamfanin, daga hedikwatarsa a Ankeny, yana da shaguna sama da 2,500, kusan rabinsu a irin waɗancan ƙananan garuruwa, kuma ana lissafa shi na biyar a masu sayar da fiza a Amurka duka, shi da yake gidan mai. A garuruwa da dama shi ne kanti, shi ne gidan abinci, shi ne kaɗai fitilar da ke kunne bayan ƙarfe tara. Manomi ya shigo da asuba da taɓo a takalmi, ya zuba kofi da kansa, ya ɗauki yankan fiza mai ƙwai daga akwatin ɗumama, mai karɓar kuɗi ta gaishe shi da sunansa domin ajinsu ɗaya da 'yarsa. Bambancin kawai, kuɗin da ya ajiye ba a bankin garin za su kwana ba.

Nan ne nake ganin asarar take, fiye da batun ɗanɗano ko kyan gini da ake yawan kuka a kai. Tsohon mai kanti a garin yake sayen nama da ƙwai, a nan akawunsa yake, shi ke ba da bashi har kaka, shi ke sayen riguna wa ƙungiyar ƙwallon makaranta. Mai hayar suna ɗan gari yana yin wasu daga cikin waɗannan, amma kayansa a babbar mota suke zuwa daga rumbun kamfani. Da tafiya ta yi tafiya ma, ƙananan masu haya suka riƙa sayarwa ga manya, har ya zama kamfani ɗaya na riƙe da shaguna hamsin ko ɗari a jihohi uku, mai shi bai taɓa kwana a garin ba. Ayyukan da ake samu na gaske ne, kuma matasa da yawa a nan suka fara karɓar albashi, sai dai mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.

Walmart, wanda Sam Walton ya fara a Rogers ta Arkansas a 1962, shi ya ƙarasa abin da hanya ta fara. Ya kafa katafaren kanti a garin da ya ɗan fi girma, ya janye masu saye daga duk ƙauyukan kewaye. Wani masanin tattalin arziki na jami'ar jihar Iowa, Kenneth Stone, ya bi diddigin alƙaluman haraji ya gano cewa wasu ƙananan garuruwa sun yi asarar har kashi 47 cikin 100 na cinikin kantunansu cikin shekara 10. Ramin da ya rage kuma Dollar General ya shiga. Shi ma ɗan ƙauye ne: iyalin Turner na Scottsville a Kentucky suka buɗe na farko a Springfield a 1955, ba abin da ya wuce dala ɗaya. Yanzu shagunansa sun haura 20,000, fiye da na McDonald's a ƙasar. Akwai sabulu, akwai abincin gwangwani, akwai biskit, da arha. Ɗanyen nama da ganye da 'ya'yan itace ne ke wuyar samu a yawancinsu, kuma idan ya rage wa kantin abincin gari ko da kaɗan daga cinikinsa, wannan kaɗan ɗin sau da yawa shi ne duka ribar.

Su ma kamfanonin ba su yi wa kowa alkawarin zama ba. A 2017 wani kamfani mai riƙe da shagunan Dairy Queen da dama ya shiga kotun fatara, ya rufe kusan 30, akasari a ƙananan garuruwan Texas da maƙwabtanta, inda faɗuwar farashin ɗanyen mai ta kori ma'aikata. An yanke shawarar a ofis mai nisa, dattawan safe suka zo suka tarar da takarda a ƙofa.

Wasu garuruwan sun ɗauki matakin da kakanninsu ba za su yarda da shi ba. Baldwin a jihar Florida, mai mutane kusan 1,600, kantin abincinta ɗaya tilo ya rufe a 2018, kuma babu ɗan kasuwar da ya yarda ya karɓa. Mutanen yankin masu ra'ayin mazan jiya ne, ba sa son hannun hukuma a kasuwanci, amma a 2019 majalisar garin ta buɗe kantin da kanta, mahauci da masu jera kaya suka shiga takardar albashin hukuma tare da masu gyaran famfo. Erie a Kansas ita ma ta sayi nata kantin bayan ta tambayi ra'ayin mazauna. Na Baldwin ya yi ta fama, domin kanti ɗaya ba ya samun kaya a farashin da mai shaguna dubbai ke samu, mutanen gari kuma da yawa sun ci gaba da hawa mota zuwa inda ya fi arha. An rufe shi a 2024.